Maccido da Na'ura Mai Mantuwa

Maccido ɗan gidan mahauta ne a Unguwar Rogo, amma bai gaji wuƙa ba. Lokacin da kuɗin mai ya cika gari, ya bi motar siminti, ya sayar da rediyo a bakin kasuwa, ya taɓa gyaran fanka. Duk inda ya fara sabawa, sai ƙafa ta soma yi masa ƙaiƙayi.

A ƙarshen mulkin soja, Alhaji Ladan, yayan matarsa Juwairiyya, ya buɗe babban kanti a Sama Road. Ya sayo wata na'urar hannu daga Legas, wadda ake haskawa a kan layukan da ke jikin kaya, ta yi ƙara, sunan kayan ya fito. Ya damƙa wa Maccido ita, don dai hankalin ƙanwarsa ya kwanta.

Sai dai na'urar tana da aibi. Da zarar batirinta ya mutu, ta manta duk saitin da aka yi mata. Ga wuta ba ta zama balle a yi caji. Kullum Maccido na cikin latse-latse, masu sayayya na tsaye suna tsaki.

Abin ya hana shi sukuni. Ya je wajen masu gyaran rediyo, suka juya ta suka miƙo masa. Yana cin tuwo tana kan cinyarsa.

"Malam, wai mi abin ga ya yi maka?" in ji Juwairiyya.

"Mantuwa ta kai. Ni ko sai na ga ƙarshenta."

Wata Alhamis da azahar, janareta na ruri a bayan kanti, ya ƙure mata murya don ya riƙa ji, ya gama saitin duka. Sai ga alamar batir na ƙiftawa. Takaici ya sa ya danne wani koren maɓalli da ke jikinta bai ɗaga yatsa ba. Wani rubutu da bai taɓa gani ba ya fito, yana tambaya ko a adana saitin. Nan take ya amsa da e.

Ya zare batir, ya mayar. Komai na nan! Ya sake zarewa, ya sake mayarwa, har Alhaji ya daka masa tsawa.

Amma ya adana har da muryar. Tana ƙwalla ƙara, mai shayin tsallaken titi sai ya waigo.

"Maccido, rage mata murya mana."

"Alhaji, a bar ta haka nan. Tsoro ni kai in taɓa saitin ya ɓace."

Labari ya bazu, 'yan kasuwar da suka sayo irinta suka fara aiko masa ya je ya saita musu. Ya ari babur, yau Gusau, jibi Birnin Kabi. Kantin kuwa aka sa wani a gurbinsa, kuma har aka daina amfani da na'urar ba wanda ya rage mata murya.