Ganyen Matan Aure a Ƙugun Bitrus

Ni ban riƙe biro ba sai da na haifi 'ya'ya huɗu, saboda haka mai neman magana mai ado ya nemi wani littafin. Abin da idona ya gani zan faɗa.

A Madakiya na tashi, a hannun Kaka, uwar babanmu. Baba ya rasu, Mama kuma tari ya kwantar da ita. Da an ci tuwon yamma, in akwai, sai mu kewaye murhu a tsakar gida, Kaka ta tura gwaza cikin toka ta ce, "Ku miƙo kunne, ku zauna a kan bakinku." Da yarenmu take tatsuniya. Leɓenta da huda sama da ƙasa irin ta matan dā, in ta yi muryar kura sai iska ta riƙa fita ta hudar, mu yi ta dariya har ta jefe mu da ɓawo.

Wata shekara cikin shekarun saba'in ruwa ya ɗauke acca na tsaka da fitar da kai. Kafin bikin Ista rumbunmu sai ɓera.

A lokacin ne wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya kawo talabijin Kafanchan. Ran Asabar da yamma yakan buɗe tagarsa, mu taka mu je mu yi cincirindo. Akwai wani wasan kwaikwayo daga Kaduna mai ci gaba mako-mako. Da malamin makaranta a ciki, da attajiri, da akawu, kowa da rigarsa fes. Sai Ɗan Dutse, mai ɗibar musu ruwa. Wai shi ne mu, da suke kira mutanen dutse. Wani ɗan birni aka shafa wa gawayi, da ƙwaryar burkutu a hannu, yana kwaɓa Hausa yana faɗuwa. Kuma sun ɗaura masa ganye gaba da baya. A wurinmu namiji bai taɓa ɗaura ganye ba, fata yake ɗaurawa. Ganye suturar matar aure ce, tare da saƙar igiya da ake ɗaura mata a baya ranar da ta shiga ɗakin miji. Su ba su sani ba, ba su kuma tambaya ba.

Yayana Bitrus gwanin wasa ne. In ya fito a sarki a wasan Kirsimeti, har dattawan coci sukan gyara zama. Da yunwa ta matsa, sai ya hau jirgi ya tafi Kaduna neman shiga wasan nan. Da ya dawo bai gaida kowa da kyau ba, ya zauna bakin murhu ya sunkuyar da kai.

"Maigidana," in ji Kaka, don haka take kiransa, "ka dawo wa matarka hannu biyu, ko sun ba ka sarauta?"

"Na nemi in fito a malamin makaranta, Kaka. Suka ce Hausata ba ta malamai ba ce. Na nemi akawu, suka ce fuskata ba ta yi ba. Amma mai yin Ɗan Dutse zai bari. Sun ce ni ne daidai, ba sai an shafa mini gawayi ba."

"Da ganyen?"

"Da ganyen. Sun ce in akwai saƙar baya ta ainihi a gida, in zo da ita."

Na miƙe na ce, "Yaya, gara mu ci ƙasa!"

Ya ce, "Ke rufe mini baki. Mama ma ƙasar za ta ci?"

Daga ɗaka muna jin tarinta. Kaka ta tona wuta ta ce mu miƙo kunne.

Ta ce tsuntsaye suna da wasa kowace kaka a fadar sarkinsu, kuma kullum zalɓe ne yake yin kwaɗo. Ya kumbura wuya, ya yi tsalle ya faɗi ruf da ciki, tsuntsaye su yi ta ƙyaƙyata. Abin ya ishi kwaɗo, ya je ya ce, "Ba haka muke ba." Suka ce to ya zo ya yi da kansa, akwai fara cike da akushi. Kwaɗo ya shiga fili ya rera waƙar da kakanninsa suke kiran ruwa da ita. Tsit, ba wanda ya yi dariya. Sarki ya ce, "Wannan ba kwaɗo ba ne. Yi irin na zalɓe." Ga 'ya'ya a gida ba su ci ba. Ya kumbura wuya, ya yi tsalle, ya faɗi. Aka ba shi fara. Haka ya yi ta yi har bazara. Da gajimare suka taru suna jiran a kira su, ya buɗe baki, sai kukan zalɓe ne ya fito.

Na ce, "Ai da ya ƙi!"

Kaka ta ce, "Da ya ƙi, zalɓe ya ci gaba da yi, a binne 'ya'yan kwaɗo."

"To wanne ne daidai?"

"Ni tsohuwa ce, ba alƙali ba." Ta juya wajen Bitrus. "Maigida, in za ka tafi, tafi. Amma saƙata tana cikin tukunya tun ranar da aka yi mini baftisma, kuma da ita za a binne ni. Su tsinko ganyensu."

Ya tafi. Buhun dawa ya zo, maganin Mama ya zo. Na ci tuwon, kowa ya ci. Yaran Kafanchan kuma suka koma kirana ƙanwar Ɗan Dutse, na fasa wa biyu baki.

Wata Asabar Kaka ta ce in kai ta ta ga mijinta. Muka taka a hankali, tana dogara sanda. Matar mai talabijin ta ba ta kujera ta ce, "Mama, zauna, yaronka ya iya wasa sosai." Can sai ga Bitrus da tulu a ka, da ganye a ƙugu. Attajiri ya daka masa tsawa, ya faɗi, tulu ya fashe. A wasan, in ya faɗi yakan yi surutu da yare don a ƙara dariya, masu wasan kuwa ba mai jin abin da yake cewa. Ya ɗago kai ya dubi gabansa, ya ce da yarenmu, "Kaka, na gaji. Ku yi mini addu'a. Mama tana shan maganin?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Mu 'yan yarenmu da ke bakin taga muka juya muka dubi Kaka. Kaka ta dafa sanda ta miƙe, ta matsa gaban akwatin ta ce da ƙarfi, "Tana sha, maigida. Tashi daga ƙasa."

Aka ce tsohuwa tana magana da akwati, dariya ta ƙaru.

Mama ta warke. Bitrus ya daɗe yana yin Ɗan Dutse, da aka daina wasan kuma ba wanda ya sake ba shi wani abu, don ko'ina ya je ganyen ake gani. Ya dawo noman citta. Har ya mutu bai sake shiga wasan Kirsimeti ba.

Na daɗe ina jin haushin kwaɗo. Sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, na fara karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen wasa, sannan na ga cewa masu rubuta abin da za a faɗa daban, masu faɗuwa ƙasa daban. Yau jikokina sukan kira ni, "Kaka, zo ki ga 'yar garinmu a talabijin!" Nakan zo. Amma ba na tafi sai na ga me aka ɗora mata a ka, wa kuma ya ɗora. Rannan suka ce na cika faɗa, ai an sa namu, me kuma nake so. Na ce yayana ma an sa shi.