Ranar da Aka Ƙi Jinina a Treichville

Abokiyar aikina ce ta jawo. Muna aiki tare a wani ofishin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, teburinta na kallon nawa. Da ta je haihuwar fari jini ya ɓalle mata, sai da aka yi ta ƙara mata leda bayan leda kafin ta dawo hayyacinta. Da na je duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Kin san abin da ke ba ni mamaki? Ban san ko mutum ɗaya cikin masu jinin nan ba."

Daga ranar na zama mai wa'azi. Ni da ban taɓa ba da ko ɗigo ba, na cika guruf ɗin danginmu na waya da saƙonni kan falalar ba da jini, da Faransanci mai tsayi, har wasu suka daina buɗewa. A gidanmu na unguwar Bracodi, duk wanda ya zauna cin abinci kusa da ni sai ya sha lacca.

Wanda na fi matsa wa shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyata. Daga Kano ya zo, yana da shagon kayan gyaran mota a Adjamé. Mutum ne mai jiki, mai son shayi, wanda ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba.

"'Yar nan," in ji shi, "jinin da na tara da tuwo da nama, in je in zuba wa mutane a leda? In sun sayar fa?"

Na ce masa tsoro ne kawai yake ji. A gaban Mama na faɗa, ta harare ni. Kawu ya shanye shayinsa, sannan ya ce, "Ran Asabar ki zo ki kai ni."

Muka hau gbaka, motar haya mai cunkoso, muka tsallaka gada zuwa Treichville inda cibiyar karɓar jini take. Na sa sababbin kaya, don na shirya ɗaukar hoto. Tun a hanya nake kwantar masa da hankali. "Kawu, kada ka kalli allurar. In ka ji jiri ka kira ni."

A ciki aka auna nauyinmu, likita ta yi wa kowa tambayoyi a keɓe: rashin lafiya, magunguna, tafiye-tafiye. Sai wata nas ta soki ɗan yatsana, ta ɗauki ɗigo ta sa a wata 'yar na'ura. Ta duba, ta dube ni, ta ja fatar idona ƙasa.

"Madam, yau kam ba za mu ɗauki naki ba. Ke ma bai ishe ki ba."

Na ce a sake gwadawa, wataƙila na'urar ce. Aka sake. Ta tambaye ni me nake ci. Na fara lissafi, sai na ji kunya ta kama ni: burodi da shayi da safe, aceke, wato dambun rogo, da rana a tsaye, da daddare abin da ya samu. Ta ce in je in ga likita, in ci abinci, in dawo bayan wasu watanni.

Kawu kuwa, ɗigonsa na shiga na'urar nas ta yi murmushi, ta kira shi kawu da Faransanci, ta ce, "Tonton, bismilla."

Haka na koma tafinta. Faransancin Kawu na ciniki ne, ni kuma Hausata ta tsakar gida ce. Yana kwance jini na gangarawa cikin leda, ledar na lilo a kan wani ɗan sikeli, yana ta jero tambayoyi. Ƙananan kwalaben nan fa da aka cika daban? Nas ta ce na gwaji ne: za a duba rukunin jininsa, a duba ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, kuma ba wanda za a sa wa jinin sai sakamako ya fito lafiya. Wannan na fassara daidai. Da ta zo bayanin cewa ana juya ledar a inji ta rabu kashi-kashi, nan na fara tuntuɓe.

"Ta ce za a ciro jajayen ƙwayoyi a sa a firiji."

Kawu ya ɗago kai. "Ƙwayoyi? A jinina? Ni ko na ciwon kai ba na sha!"

Wani dattijo da ke kwance a gadon gefe, Bahaushe ashe, ya yi dariya har ledarsa na girgiza. Shi ya ƙarasa aikina. Ya ce jan ɓangaren yana zama a firiji makonni, ruwan da ke tasowa sama, mai kalar man gyaɗa, ana daskarar da shi ya daɗe, akwai kuma wani kashi mai tsayar da zubar jini wanda ba ya wuce 'yan kwanaki, kuma dole a riƙa jijjiga shi a hankali.

"Wato leda ɗaya ta iya zuwa wa mutum fiye da ɗaya?" in ji Kawu.

"Ƙwarai."

Ya kalli silin ya ce, "To Allah ya sa ya yi musu amfani."

Aka ba shi sanduwici da lemo. Ya raba biyu ya miƙo mini rabi. "Karɓi, 'yar nan. An ce ke ce mai bukata."

A gida Mama ba ta yi mini dariya ba, abin da ta yi ya fi dariya ciwo. Ta karɓi ragamar cikina. Hanta, zogale, wake, alayyafo, ga maganin da likita ya rubuta. Har ofis take aiko mini da kula, abokan aiki na tambaya ko biki ake yi a gidanmu. Saƙonnina a guruf suka tsaya cak, ba kuma wanda ya tambayi dalili, don Kawu ya riga ya ba kowa labari.

Da na koma, ni kaɗai na je, ba hoto, ba sababbin kaya. Na'urar ta yarda da ni. Sai a lokacin na ga girman allurar da kyau. Na juya fuska bango, na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ina cikin tunanin yadda zan ce a dakata, nas ta dafa ni ta ce an gama. Na kalli ledar, ja wur, da ɗuminta, an manna mata lamba ba suna. Na bi ta da kallo har nas ta tafi da ita.

Da na fito na ƙi shiga cunkoson mota, na gangara tashar jirgin ruwa don in sha iska. Jirgin ya cika, ina tsaye na riƙe ƙarfe. Wata mata mai kwandon kifi ta dube ni, ta dubi cikina da girkin Mama ya tayar, ta miƙe da sauri.

"Zauna, 'yata. Wata nawa?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga kujerar tana gefen taga. Na ce, "Da saura," na zauna.