Gonar da Ta Sha Rana

Ranar wata Laraba a bazarar 1973, Baba ya shiga rumbu ya fito da damin geronmu na ƙarshe, wanda Inna ta hana a taɓa ko da muna kwana da kunun kanwa tsararo. Iri ne. Idan ya salwanta, ba mu da abin shukawa, kuma a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta babu mai ragowar da zai ba wani.

Baba ya ce binne za mu yi, wato a shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Gonakinmu biyu ne. Ta bayan gida baƙa ce wuluk saboda taki da tokar da muka yi shekaru muna jida a mangala, ita ce abin alfaharinsa. Ɗayar jigawa ce, farin yashi, ko kallon arziki ba ya yi mata. Niyyarsa ya juye irin duka a baƙar. Kakarmu, mahaifiyarsa, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta ce, "Malam, mai baƙar riga shi rana ta fi sani. Raba." Don kunyarta kawai ya ba jigawar ƙwarya guda.

Aka yi yayyafi sau ɗaya, iri ya tsiro, sama kuma ta ɗauke. A nan na san tsoro. Kullum da azahar nakan kai wa Baba ruwa ba takalmi. A jigawa sai hasken yashi ya kashe mini ido, amma ina iya takawa. A baƙar gona kuwa da gudu nake wucewa, kuma har bayan la'asar ƙasar tana huci kamar murhu. Ina kallo tsironta ya lanƙwashe, ya bushe.

Da ruwa ya dawo, jigawar nan da aka raina ita kaɗai ta tashi. Ba mu ƙoshi ba, amma mun sami irin baɗi.

Kwanan baya jikata ta dawo daga makaranta tana gaya mini wai duniya ma haka take: gajimare da farar ƙanƙara suna mayar da zafin rana sama, baƙin wuri kuwa shanye shi yake yi, kuma farin yana ta raguwa. Na ce ai na sani, da tafin ƙafata na karanta. Ban dai gaya mata cewa jigawar da ta cece mu yanzu kwalta ce a kanta ba.