Masoron da Na Daka wa Baba

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ba zan manta da ranar da na ga mahaifina yana tangaɗi kamar wanda ya sha abin maye ba, mutumin da ko goro ba ya ci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da hannuna na haɗa abin da ya kai shi ga haka.

Lokacin ina aure a Tambuwal, ina sayar da kayan yaji a cikin gida. Baba kuwa yana Kebbe, yana nomansa, yana karantar da magidanta littattafai a zaure. Tun wata faɗuwa da ya yi a kan babur ya bugu a ka, farfaɗiya ta kama shi, likita ya ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi da yake sha kullum. Shekaru suka wuce ciwon bai sake tashi ba, har mu 'ya'yansa muka daina ganinsa a matsayin marar lafiya. Gwiwa ce kaɗai ke damunsa, sai ya dafa bango yake tashi daga sujada.

Wata rana aka turo mini saƙon murya a waya, wata mata tana cewa masoro da kurkur da zuma suna raba tsoho da ciwon gaɓɓai. Ban tambayi kowa ba. Masoro dai ga shi a ɗakina, kullum ana zuba shi a kunu da miya, me zai yi wa mutum? Na daka, na tankaɗe, kuma don ina so ya warke da wuri sai na ninka masoron fiye da yadda matar ta faɗa. Na aika masa kwalba cike, na ce ya riƙa shan cokali guda sau uku a rana.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, yayana ya kira ni. "Ki tarbe mu asibiti, ga mu nan tafe da Baba. Tun da anka gama asuba harshenai ya yi nauyi."

Damina ce, hanya ta lalace, sai kusan azahar suka iso. Baba ya fito daga mota ya ture hannun yayana, wai zai iya da kansa. Taku biyu ya yi ya karkace, rawaninsa ya warware. Ya dube ni, ƙwayar idonsa tana rawa, ya ce, "Ɗiyata, ke biyu nike gani." Kalmomin a dunƙule suka fito. Na tabbata ɓarin jikinsa ne zai shanye.

Likita ya sa ya ɗaga hannu da ƙafa, duk suna motsi daidai. Ya tambaye shi ko ya ƙara yawan ƙwayoyinsa. Baba ya ce ko guda bai ƙara ba. "To ban da su, me yake sha?" Yayana ya zaro kwalbata daga aljihu. Likita ya buɗe ya shinshina, nan take atishawa ta kama shi.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni ce," na ce. "Masoro ne kawai, likita."

Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce akwai wani sinadari a cikin masoro, wanda ke ba shi zafinsa. Ɗan abin da ake zubawa a girki ba ya cutarwa. Amma idan aka riƙa ɗirkarsa da yawa, yana sa jiki ya zuƙi wasu magunguna fiye da ƙima, ya kuma rage wa hanta saurin fitar da su. Yana kyautata zaton maganin farfaɗiyar ne ya taru a jinin Baba har ya soma zama guba.

"Da ya ci gaba da sha fa?" na tambaya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi da kuka kawo shi yau."

Na ɗora hannu a ka ina salati. Shekara da shekaru ina auna wa mutane masoro, ban taɓa jin haka ba.

Kwana huɗu Baba ya yi a kwance, ana daidaita masa maganinsa, kafin harshensa ya sake, tafiyarsa ta miƙe. Ranar sallama na durƙusa ina kuka ina neman gafararsa. Ya ce, "Mi kika yi in ba alheri ba? Ni ma da nika sha, ai ban faɗa ma likita ba. Tashi."

Tun daga ranar na gane cewa kasancewar abu a tukunyar miya ba ta hana shi zama mai ƙarfi, kuma ƙauna ba ta isa ta zama ilimi ba. Yanzu duk wadda ta zo sayen masoro mai yawa don haɗin magani, sai na fara tambayarta ko mai shan yana kan maganin asibiti. In ta ce eh, nakan ce ta je ta ji ta bakin likitansa tukuna, sannan ta dawo in auna mata.