Daminar da Na Kwantar da Yayana

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina kafin dangi su riga ni. Aji huɗu na yi a firamare, daga nan sai shara da wankin mota a gidan wani likita a Unguwar Rimi. A Rafin Guza kuwa, inda nake zaune da Inna da yayana, wannan ya isa a kira mutum Dokta. Aka kira, na amsa, har da gyaran murya.

Yayana kafinta ne mai ɗora rufin kwano. Dogo ne, miƙaƙƙe, in yana tafe sai ka ce cikin sojojin saman Mando aka tsamo shi. 'Yan shekaru bayan yaƙin basasa ciwon baya ya fara masa, can ƙasa wajen ƙugu. Ciwo ne marar kunya. Da asuba yake kama shi, ya sandare kamar azara, sai ya bi bango kafin ya kai ga buta. Amma in ya hau keke, ya yi ta hawa tsani da sauka, kafin hantsi jiki ya sake. Yakan ce aiki ne maganinsa. An yi ƙaho wurin wanzami, an sha saiwoyin sanyin ƙashi, duk a banza. Dunduniyarsa ma ta kama, wani lokaci ido ɗaya ya yi ja wur.

Sai Dokta ya sa baki. Na ce a duk ilimin Turawa ba a taɓa jin cutar da wahala ke warkarwa ba, marar lafiya kwanciya yake yi. Na gaya wa Inna tsani ne ke cin bayan ɗanta. Ta yi kuka, ta haɗa shi da nonon da ya sha. Wane ɗa ne zai tsallake wannan? Na rataye kekensa a zaure. Na kwaso wata katifa mai laushi da maigidana ya yar, na cusa masa matasai a baya da ƙarƙashin gwiwa, domin in ya lanƙwashe zafin yakan lafa. Da ya ce jikinsa ƙara ɗaurewa yake, na ce ai alamar sauƙi ke nan. Kullum ina goge wa likitan gaske gilashin mota, ban taɓa tambayarsa ba, kada a ji a unguwa Dokta ya nemi agaji.

Damina guda ya yi a haka. Da kaka ya sauko daga gado, amma bai miƙe ba, bayan ya ƙame a duƙe.

Inna ce ta tilasta ni na yi wa maigidana magana. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce gaɓoɓin bayan ne ke haɗewa kamar gora, cutar ba ta da makari, da kwanciya da rashinta za ta ci gaba. Sai dai mai motsa jiki, mai barci a miƙe a kan abu mai tauri, in ya ƙame yakan ƙame a tsaye. Ya tambaya ko wa ya kawo shawarar matasai. Na ce mutanen unguwa ne.

Bai sake hawa rufin kowa ba. Ya koma sassaƙa 'yan kujerun mata a ƙofar gida. Da takalmi yake gane mai sallama. Titi sai an riƙe shi, don ba ya hango mota. Haƙarƙarinsa ma ya matse, numfashi guntu-guntu.

Shekaru suka tura, ni kuma bakina bai yi hankali ba. Wata sallar layya baƙi suka cika zaure, kowa yana satar kallonsa, shiru ya yi nauyi. Na ce bari in sauƙaƙa. Na ce mu nan ruku'unmu na ɗan lokaci ne, Yaya kuwa ya samu na dindindin, masu rubuta lada har sun gaji. Babu wanda ya yi dariya.

Yaya ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, don wuyan ba ya juyawa, ya tsaya saitin ƙafafuna.

“Ƙanena, na yi kewar fuskar Inna, na yi kewar ganin hadari in ya haɗo. Taka fuskar ce kaɗai nake gode wa Allah da ya ɗauke mini.”