Simintin da Ya Ci Ƙafata

Kwana tara da fitata takabar Malam na karye. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya zo mini sai a jira ni.

Na taso daga Rawayya zan je Bungudu bangajiya wurin waɗanda suka zo mana gaisuwa. A kan babur gefen zanena ya shiga taya, ya fizgo ni ƙasa. Sai da na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa. Mutane suka ce a kai ni gun mai ɗori, amma mijin ɗiyata da ya iso daga Tsafe ya ce a'a, asibiti a Gusau. Ɗiyar tana jego, kwananta huɗu da haihuwa, don haka shi ya zama mai jinyata. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Muka wuni a kan benci. An ce sai an ɗauki hoton ƙafar, an kuma ce babu wuta. Da la'asar wani ma'aikaci ya zo, ya ja ƙafar har na ga duhu, ya naɗe ta da siminti tun daga yatsu har gwiwa. Ba a yi hoton ba. Ƙafar kuwa ba ta gama kumbura ba. Aka ba ni gado.

Washegari simintin ya fara cizona, kamar an sa ƙafar a turmi ana kirɓawa. Na jira surukina ya tafi masallaci, na kira nas.

"Inna, haka siminti yake," in ji ta. "Ki yi haƙuri."

Ko zanen ba ta ɗaga ba.

Likita sau ɗaya yake zagayowa, da safe, mutane na biye da shi. Ya tsaya a ƙarshen gado, surukina na tsaye ta wajen kaina. Na riga na ja zane na rufe har yatsu, don yaya zan buɗe ƙafa a gaban mijin ɗiyata?

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Haka aka koya mana amsawa. Malam ma, ranar da zai rasu, abin da ya ce wa masu dubiya ke nan. Likita ya rubuta, ya wuce.

A gadon kusa da ni akwai wata mai sayar da atamfa a kasuwar Gusau, hannunta ne ya karye. Suna fita ta juyo.

"Da sauƙi? Ke da tun asuba kike cizon mayafi? Inna, nan ba wurin gaisuwa ba ne. In ba ki yi ihu ba sai su ce kin warke."

"A gaban surukina?"

"To shi zai ara miki ƙafa?"

Washegari ma da likita ya tambaya, surukin na tsaye, amsar nan na sake bayarwa.

Rana ta huɗu zafin ya ɗauke. Wallahi murna na yi. Sai dai wani wari ya fara tashi, na ɗauka daga bayan gida ne. Mai atamfa ta sauko daga gadonta, ba ta tambaye ni ba, ta yaye zanen. Yatsuna sun yi baƙi kamar daddawa. Ta mintsini babban.

"Kin ji?"

"Me kika yi?"

Ta ɗora hannu a ka, ta yi ta kwarara kira har nas ta zo. Nas ta duba, fuskarta ta canja, amma ta ce yau Asabar, likita sai Litinin, kuma abin yanka simintin yana kulle, mai makullin ba ya nan.

Ranar na fara duban surukina ido da ido. Na ce, "Don Allah, ka sa a cire mini abin nan."

Ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Ina jin muryarsa daga ƙofa zuwa ƙofa, yana roƙo, daga baya yana faɗa. Ni kuma ina kallon yatsun, ina ce musu su motsa. Sai azahar ɗin Lahadi ya samo wani babban likita. Aka fasa simintin. Mai atamfa ta kau da kai.

"Wa ya sa wannan ba hoto?" in ji likitan. Ya dube ni. "Inna, me ya hana ki magana?"

"Na faɗa wa waccan," na ce. Nas ta tsura wa bango ido. Sauran laifin na san nawa ne, kuma shi ke sa ni kuka har yau.

Suka kawo takarda, suka shafa mini tawada a babban yatsa, na dangwala. Daga ƙasan gwiwa suka yanke.

Yanzu ina Tsafe, a ɗakin da ɗiyata ta gyara mini. Wani lokaci tafin ƙafar nan yana yi mini ƙaiƙayi sosai. In kai hannu in sosa, sai in taɓa tabarma.