Ranar da Gidan Talabijin Ya Zo Gonar Baba

A zamanin da gidan talabijin na jiharmu yake tashe, sai bayan la'asar yake buɗe tasha. Duk ƙauyenmu da ke gefen Bunkure akwatin talabijin ɗaya ne, na wani Alhaji mai sayar da taki, da batirin mota ake kunna shi a ƙofar gida, eriyar tana bisa doguwar gora. Shirin manoma na ranar Lahadi kuwa, ko mai zazzaɓi sai ya lallaɓo. Duk wanda aka nuna a ciki, magana ta ƙare, ya zama wani abu.

Ina kwalejin horon malamai a Kano lokacin, na zo hutu, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Wata safiya motar gidan talabijin ta tsaya a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani. Malamin gona ne ya turo su wurin Baba, don a yankinmu babu wanda ya kai shi iya ban-ruwa. Baba yana can tsakiyar shinkafa, taɓo har gwiwa, rigarsa a yage ta hammata. Ni kuwa ina tsaye a gaɓa cikin wankakkiyar shadda, abincinsa kawai na kawo.

Mai gabatar da shirin ya dube ni. "Malam, kai ne mai gonar?"

Na ce, "Ni ne."

"Wancan dattijon fa?"

"Aiki yake mana."

Wallahi har yau ban san ta inda maganar ta fito ba. Kunyar rigar nan ce kawai ta kama ni a gaban 'yan birni. Na tsaya na zuba musu bayanin yadda ake jan ruwa da bututu daga kanal zuwa fangali, duk abin da na ji a bakin Baba, ni da ban taɓa yi ruwan ya hau ba. Suka ɗauki hotonsa daga nesa, ya ɗaga musu hannu yana murna, suka tafi.

Mako biyu Baba yana shelar za a nuna shi. Har ƙanwarsa da ke aure a Kura ya aika wa. Kullum sai na ce yau zan gaya masa, kullum sai in kasa.

Ranar Lahadin ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, Alhaji ya ba shi kujera a gaba. Na raɓe can baya. Sai ga ni na cika akwatin, an rubuta manomi a ƙasan sunana, Baba kuma ɗan mitsitsi a bayana. Ban yi zaton za su bar tambayar nan ta dattijo a cikin shirin ba, amma sun bar ta. Kowa ya ji ni tar.

Wani tsoho abokin Baba ya waiwayo ya ce, "Kai, ɗan nan! Ubanka ne lebura?"

Baba bai ko juyo ba. Idonsa na kan akwatin ya ce, "Ku ƙyale shi, bai yi ƙarya ba. Ai tun ranar da aka haife shi, shi nake wa aiki."